Wace Sana'a Za Mu Riƙe Sa'ad Da Kuɗi Ya Kasa?

Kafin a shiga wannan darasi a karanta Farawa 41:33-57, da Farawa 47:13-26, da Ayyukan Manzanni 18:1-3.

Labarin Yusufu a Masar, kowane ɗan makarantar Lahadi ya san shi har zuwa wurin da aka cika rumbuna. Amma ba kasafai mu kan kai sura ta 47 ba, inda aka nuna abin da ya faru sa'ad da yunwa ta yi nisa. Mutane suka yi ta sayen hatsi har kuɗin ƙasar Masar da na Kan'ana ya koma gidan Fir'auna ƙaf. Da kuɗi ya ƙare suka kawo dawakai da tumaki da shanu da jakuna. Da shekara ta kewayo ba su da sauran abin bayarwa sai gonakinsu da jikunansu, suka kuwa bayar. A nan Littafi Mai Tsarki ya nuna mana ƙasar da arzikinta ya karye, ya nuna kuma bi da bi yadda abin da mutum ya dogara gare shi ya ke zame masa.

Wannan ba labarin zamanin dā kaɗai ba ne. A ƙasar Jamus, cikin watan Nuwamba na 1923, sai mutum ya kawo mark tiriliyan 4.2 kafin ya sami dalar Amurka ɗaya, abin da tsofaffi suka tara duk tsawon rayuwarsu bai isa sayen burodi ba. A Zimbabwe an buga takardar kuɗi ta dala tiriliyan 100 a farkon 2009, cikin wannan shekara kuma ƙasar ta daina aiki da kuɗinta. A Labanan, daga ƙarshen 2019, masu ajiya suna da kuɗi a rubuce cikin littafin banki, amma ba a bar su su ɗauka ba sai ɗan kaɗan. Mu a Nijeriya ba mu kai can ba, amma mun ɗanɗana. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Daga 1986 ta fara gangarowa, a watan Fabrairu na 2024 kuwa dala ɗaya ta wuce naira 1,500. A farkon 2023, lokacin canjin takardun kuɗi, mun ga mai albashi yana kwana a bakin banki, yana sayen naira da naira. Ran 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin mai, kafin mako ya cika farashin fetur ya kusa ninkawa uku. Saboda haka idan uba ya zauna yana tunani, ko wace sana'a zai sa ɗansa domin ranar da albashi ba zai ci da gida ba, ba za mu ce yana tsoron inuwa ba.

Akwai 'yan'uwa da za su ce irin wannan tunani rashin bangaskiya ne, gama Ubangijinmu ya hana mu damuwa a kan gobe, ya nuna mana tsuntsaye da furannin jeji (Matta 6:25-34). Maganarsu tana da nauyi, kada mu yi saurin ture ta. Amma abin da ya hana shi ne alhinin da ke cinye zuciya har ta manta tana da Uba. Littafin da ya kawo wannan gargaɗi shi ne kuma ya aike da rago wurin tururuwa domin ya koyi tanadi (Misalai 6:6-8), ya kuma gaya wa mai garke ya lura da dabbobinsa da kyau domin dukiya ba ta dawwama (Misalai 27:23-27). Sa'ad da Agabus ya faɗi cewa babbar yunwa tana zuwa, masu bi na Antakiya ba su naɗe hannu ba, suka tara taimako suka aika Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Yusufu ya gina rumbu, wawan mai arzikin nan na Luka 12:16-21 shi ma ya gina rumbu. Wanda ya tsaya daga nesa ba zai ga bambanci tsakanin ginin biyu ba. Sai a tambayi don wa za a buɗe ƙofar. A karanta maganar da mai arzikin ya yi da ransa, a ƙirga sau nawa ya ambaci kansa, a nemi kuma inda ya ambaci maƙwabci.

To, shiri ba laifi ba ne. Saura tambayar da ta fi wuya, watau wane irin aiki ne ya ke tsayawa sa'ad da sauran suka faɗi.

A cikin Luka 16:3 akwai wani wakili wanda ubangidansa zai sallame shi. Da ya dubi kansa sai ya ga ba shi da ƙarfin aikin ƙasa, roƙo kuma abin kunya ne gare shi. Mutumin nan ba jahili ba ne, ya iya lissafi, ya iya rubutu, amma dukan iyawarsa tana rataye ga gida ɗaya, ran da gidan ya rufe masa ƙofa kuwa sai dabarar ha'inci ta rage masa. Muna da irinsa da yawa, yawancinsu kuma ba da laifinsu ba. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, dubban mutane suka bar ƙauyukansu suka zauna a Kakuri, suka gwanance a kan injin da babu irinsa sai a masaƙa. A 2002 aka rufe ta. Wanda ya yi shekara 20 yana kula da injin saƙa ya fito da gwanintar da ba wanda zai saya a kasuwar garin. Haka ya faru a kan dutsen Jos: haƙar kuza ta riga ta fara ja da baya, sa'an nan farashinta ya rushe a kasuwar duniya cikin Oktoba na 1985. Abin lura shi ne, kududdufan da kamfanonin kuza suka bari, su ne masu lambu su ke ban ruwa da su da rani, suna fid da tumatir da kabeji da karas. Wanda bai manta da fartanya ba ya sami abin yi a bakin ramin da ya cinye aikinsa.

Daga nan za mu iya auna kowace sana'a da mudu mai sauƙi. Wa ke bukatarta, kuma zai ci gaba da bukatarta ko da aljihunsa ya bushe? Mutum ya kan daina sayen sabuwar riga, amma ba ya daina ci da sha, ba ya daina ciwo, matarsa ba ta fasa haihuwa, ɗakinsa ba ya fasa yoyo. Saboda haka noma da kiwo, da haƙar rijiya da gyaran famfo, da jinya da aikin ungozoma, da gini da ƙira, suna da saiwa mai zurfi. Sa'ad da sabon kaya ya gagari mutane, mai gyara shi ne sarki: tela mai faci, da bakanike, da mai walda, da mai gyaran injin niƙa da injin ban ruwa, da mai haɗa wutar hasken rana. A tambaya kuma, kayan aikinta daga ina su ke fitowa? Sana'ar da ba ta motsi sai da fetur, ko da kayan da a ke saye da dala, za ta yi ɗingishi daidai lokacin da a ke nemanta. Mai kiwon kajin gidan gona ya san wannan, gama ya ga yadda tsadar masara da waken soya ta rufe gonaki da yawa, kajin gida kuwa suna nan suna tonon bola.

Akwai kuma tambayar da iyayenmu ba su cika yi ba, amma tilas mu mu yi ta: idan an kore mu daga gida, sana'ar za ta bi mu? Akila da Biriskilla ba don sha'awa suka zo Korinti ba. Sarki Kalaudiyas ne ya kori Yahudawa daga Roma. Gida da maƙwabta da masu ciniki duk sun bar su a baya, amma ɗinkin tanti yana cikin yatsunsu, da shi suka kafa sabon gida, har suka sami wurin da za su saukar da Manzo Bulus ya yi aiki tare da su. Akwai ekklesiyoyi a ƙasarmu waɗanda rabin mutanensu suna zaman gudun hijira, gonakinsu suna can inda ba su iya zuwa. Mu kan ce na duƙe tsohon ciniki, gaskiya ne kuwa, amma gona ba ta shiga buhu. Domin haka manomi ma yana bukatar sana'a ta biyu wadda kayanta za su shiga jaka.

Abin da ya ke hana mu ba rashin sani ba ne, girman kai ne. Mun ɗauki ilimin boko kamar tsani na tsere wa aikin hannu. Uba ya kan sayar da akuya ya biya kuɗin makaranta domin kada ɗansa ya sāke taɓa fartanya, ɗan kuma ya komo da takarda ya zauna shekara biyar yana jiran aikin ofis, yana ganin shagon kafinta ƙasƙanci ne. A cikin majami'a ma mu kan ba mai babbar riga kujerar gaba, maƙeri da majemi su zauna a baya, alhali muna sujada ga wanda mutanen garinsu suka sani da sunan masassaƙi (Markus 6:3). A dubi bayan takardar naira 20. Hoton Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane daga ƙauyen Kwali, wadda ta koyi ginin tukunya a gida tun tana yarinya, ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954, ayyukanta suka kai har Ingila da Amurka. Takardar da ke ɗauke da hotonta da ƙyar ta sayi alewa yau, randa irin wadda ta ke ginawa kuwa har yanzu tana sanyaya ruwa ba tare da wutar lantarki ba. Ba muna cewa a fid da yara daga makaranta ba. Yusufu bai ceci Masar da garma ba, da lissafi da tsari ya cece ta, Bulus mai ɗinkin tanti kuma ya yi karatu a gaban Gamaliyal. Manomin da ya iya karanta takardar maganin feshi ya fi wanda bai iya ba. Muna cewa dai hannu da kai na mutum ɗaya ne, kada a ciyar da ɗaya a bar ɗaya da yunwa.

Amma a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi hankali, gama akwai ruɗi a cikin wannan magana. Mutum zai iya zaton idan ya iya sana'a ya tsira ke nan, ba ruwansa da kowa. Ba haka ba ne. A 1943 aka yi yunwa a Bengal ta ƙasar Indiya, mutum wajen miliyan 3 suka mutu. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya bincika al'amarin, ya nuna cewa cikin waɗanda suka fi tagayyara akwai 'yan ƙwadagon gona, da masunta, da masu sana'ar hannu. Ba wanda ya ƙwace musu gwaninta. Farashin shinkafa ne ya haura, kowa ya mai da ɗan abin hannunsa ga abinci, aka rasa mai kiran su aiki. Ba a cin allura, ba a cin guduma. Sana'a hanya ce da mutum ya ke isa ga tuwon maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin ya isa ga nasa. Idan maƙwabcin ya faɗi, ko kuwa amana ta mutu tsakaninsu, hanyar ta toshe. Wanda ya ke shiri domin ya tsira shi kaɗai, ko da bai yi zunubi ba, ya yi kuskuren lissafi.

Wannan ne ya sa Manzo Bulus bai taɓa raba aikin hannu da zancen maƙwabci ba. Ya gaya wa Tassalunikawa su yi aiki da hannuwansu domin su zama da mutunci a idon na waje, kada kuma su zama kaya a wuyan kowa (1 Tassalunikawa 4:11-12). Ga Afisawa ya ƙara gaba, ya ce tsohon ɓarawo ya kama aiki domin ya sami abin da zai ba mabukaci (Afisawa 4:28). Da ya ke sallama da dattawan Afisa ya tuna musu cewa hannuwansa sun biya bukatarsa da ta abokan tafiyarsa (Ayyukan Manzanni 20:34). Tabita ta Yafa ma, da ta mutu, gwauraye ba su kawo shaidar dukiyarta ba, riguna suka nuna waɗanda ta ɗinka (Ayyukan Manzanni 9:39). Ashe tambayar da mai bi zai yi ba ta tsaya a kan wace sana'a za ta ci da shi ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi unguwarsu, ya ga abin da za a rasa ran da motoci suka daina zuwa daga birni, ya nemi ya zama shi ne mai wannan abu. Idan unguwa tana da tela goma ba ta da mai gyaran rijiyar burtsatse, na goma sha ɗaya da ya sayi keken ɗinki bai taimaki kansa ba, bai taimaki kowa ba.

Sa'an nan akwai gwaji mai tsanani wanda ya ke jiran wanda ya yi nasara. Wanda ya ke da abin da kowa ke nema a ranar tsanani ya sami iko, iko kuwa ya kan canja mutum. Mu koma Farawa 47. Masarawa sun gode wa Yusufu, sun ce ya ceci rayukansu, ya kuma ba su iri, ya bar musu kashi 4 cikin 5 na amfanin gona. Duk da haka sun shiga yunwar suna masu gonaki, sun fito suna bayin Fir'auna, hatsin da suka saya da 'yancinsu kuwa daga gonakinsu aka tara shi. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin bai yi sharhi ba, masu bi kuma sun daɗe suna muhawara a kansa. Mu dai muna ganin wannan sashe ba abin koyi ba ne ga mai rumbu a cikinmu, gama Shari'ar da aka ba Isra'ila daga baya ta hana a mallake gonar ɗan'uwa har abada, ta hana a karɓi ruwa a hannun wanda ya talauce (Littafin Firistoci 25:23-37). Nehemiya ya husata ƙwarai da ya ji manyan Yahudawa suna karɓar gonaki da 'ya'yan 'yan'uwansu jingina a lokacin yunwa, bai huta ba sai da suka mayar (Nehemiya 5:1-13). Misalai 11:26 kuma ya faɗi abin da jama'a su kan yi wa mai ɓoye hatsi.

Wannan yana da wuyar aikatawa, kada mu ruɗi kanmu. Manomin da ya ajiye masara tun kaka yana da hakki ya sayar da riba a watan Yuli, gama ya sha wahalar ajiya, ya yi asarar abin da ƙwari suka ci. Bakanike ma tilas ya ƙara kuɗin aiki idan kayan gyara sun yi tsada, in ba haka ba ya rufe gareji. Ba mu da wani farashi da za mu rubuta mu ce shi ne na Kirista. Amma kowa ya san a zuciyarsa ranar da ya daina auna wahalar aikinsa ya koma auna matsuwar wanda ke tsaye a gabansa. Ya san ranar da ya ce wa gwauruwa injinta ya mutu alhali ƙusa ɗaya ce ta kwance. Ya kuma san lokacin da buhu ɗaya na bashi da damina ya zama buhu biyu da kaka.

Akwai wata hanyar ɓoye hatsi wadda ba mu cika kiranta da sunanta ba, ita ce ɓoye sani. A zamanin Saul babu maƙeri ko ɗaya a ƙasar Isra'ila, gama Filistiyawa sun hana, sai kowa ya gangara wurinsu ya biya kuɗi a wasa masa bakin garma da gatari (1 Sama'ila 13:19-21). Nebukadnezzar ma da ya ci Urushalima, ya haɗa da masu sana'a da maƙera 1,000 cikin waɗanda ya kwashe zuwa Babila (2 Sarakuna 24:16). Sarakunan nan sun gane cewa jama'ar da ba ta iya gyaran kayan aikinta ba, ba ta da ƙafar tsayawa. Abin da abokan gaba suka yi wa Isra'ila da ƙarfi, mu muna yi wa kanmu da rowa. Maigidan shago ya kan riƙe yaro shekara bakwai yana aikensa sayen abinci da wankin mota, in an zo wurin asirin aikin ya ce masa ya je ya ɗebo ruwa, don tsoron kada ya yaye shi ya buɗe shago kusa da nasa. A nan 'yan kasuwar Ibo sun ba mu darasi, gama al'adarsu ce maigida ya koya wa yaro ciniki shekaru, sa'an nan ya sallame shi da jari.

A kowace ekklesiya akwai tsohuwar da ta san yadda a ke zaɓen irin acca ko na dawa a ajiye shi har shuka ba tare da magani ba, da dattijon da ya iya ginin rumbu, da wanda ya iya auren mangwaro, da wadda ta iya yin sabulu da daddawa. Yawancinsu sun haura shekara 60, jikokinsu kuwa suna birni. Ba a bukatar kuɗi daga ƙasar waje kafin a zaunar da matasa biyar a gabansu ran Asabar. Abin da dattawan ekklesiya za su shawarta shi ne wanda zai biya wa maraya kuɗin koyo da kuɗin kayan aiki, da yadda zumuntar mata da ta matasa za su mai da adashinsu jarin yaye masu koyo. Za su kuma shawarta ko ƙofar shagon za ta buɗu ga ɗan maƙwabcin da ba ya zuwa majami'armu. Irmiya ya rubuta wa kamammu a Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin da aka kai su bauta, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa (Irmiya 29:5-7). Mutanen birnin nan ba masu sujada ga Allahn Isra'ila ba ne, sojojinsu ne ma suka kwaso su daga gida.